Karin Gugar da Na Aika Zaure

Bazarar bana ta zo da irin zafin nan da ko kaza ba ta tsallaka tsakar gida sai baki buɗe. Kusan kullum da la'asar hadari zai haɗo ta gabas, ya yi baƙi, ya yi gurnani, mu kwashe shanya a guje, sannan iska ta zo ta watsa shi kamar an yi mana gwalo. Ana cikin haka shekaranjiya na leƙa shagon 'yata Hadiza, can wajen ƙofar jami'a, inda take buga wa ɗalibai hotuna a jikin riga. Tana da injin manna hoto na lantarki mai murfi, tana da wani abin awo na roba da take ɗorawa a wuyan riga. Duk da haka sai na ga ta ɗauki riga ta ninke ta biyu, kafaɗa a kan kafaɗa, ta danne a injin, ta buɗe. Kari ya fito tun daga wuya har ƙasa, sannan ta ɗora hoton a kansa.

Na ce, "Ke wa ya koya miki wannan?"

Ta ce, "Umma, ai kowa haka yake yi. A waya na gani."

A waya! Na yi dariya har sai da na nemi kujera. Tana goye a bayana ranar da na fara yin karin nan, kuma ni ba a waya na gani ba, yunwa ce ta koya min.

Shekarar da soja suka ce za su koma bariki su bar wa farar hula mulki, ina gidan surukaina a nan Wudil, ba nisa da gada. Mu huɗu ne a gidan: Baba, mahaifin mijina, da Inna matarsa, da ni, sai Hadiza da ke nono. Maigidana ya tafi cin rani kudu tun bayan girbi, ya ce kafin ruwa ya sauka yana gida. Saƙonsa na ƙarshe sabulu ne da 'yar rigar jariri, tun sanyi bai tafi ba. Daminar da ta wuce kuwa ruwa ya ɗauke mana gero yana tsakiyar fitar da kai, don haka abin da ya shiga rumbu bai taka kara ya karya ba. Kafin zafi ya kankama, idan Inna ta hau ɗebo hatsi, daga ɗakina nake jin ƙwarya tana kankarar ƙasan rumbu.

Muka koma kunu da safe, tsinkakke, wanda in ka leƙa kana ganin fuskarka. Da rana kowa ya yi kamar bai lura rana ta yi ba. Da yamma ɗan tuwo da miyar kuka wadda rabonta da mai har ta manta, wata rana kuma kwaɗon zogale da ƙuli guda. Wanda bai taɓa shayarwa cikin yunwa ba bai san yunwa ba. Yarinya tana tsotso kana jin kamar daga ƙashin bayanka take ja, ka miƙe ka ga ɗaki yana juyawa.

Hatsi ɗaya ne ya rage a gidan da ba a taɓawa, damin iri. Baba da hannunsa ya zaɓi zangarniyar ɗaya bayan ɗaya, dogaye cikakku, aka ɗaure aka rataye a azarar ɗakin Inna, inda hayaƙi ke kaiwa don kada ƙwari su shiga. A ƙarƙashinsa take kwana. Ba wanda yake ambatonsa, amma kowa ya san inda muka dosa: ranar da rumbu ya ƙare kafin ruwa ya sauka, shi za a sauko da shi, kuma wanda ya ci irinsa ya ci bana ya ci baɗi.

Baba, wanda har yau bakina bai taɓa furta sunansa ba, mai zanen riga ne. Wudil an san ta da ɗinkin hannu, to kafin maɗinki ya soka allura sai mai zane ya fitar masa da aikin a jikin yadi. Baba yakan shimfiɗa shadda, ya ɗora tafin hannunsa a kai, ya ɗauki alƙalamin kara da tawada ya zana adon riga irin su aska biyu ko aska takwas ko tambari, ba awo ba gogewa. Inna ta ce a da alhazai daga Kano suke zuwa su zauna jira a zauren nan. Ni ban tarar da wannan ba. Na tarar da tsoho dogo mai shiru, wanda idonsa ya fara gani dishi-dishi, keken ɗinki kuma ya janye masu kawo aiki. Tsakanina da shi gaisuwa ce kawai. Da safe in durƙusa daga nesa, kaina a ƙasa, in ce, "Baba, ina kwana?" ya ce, "Lafiya lau, an tashi lafiya?" shi ke nan sai gobe. In na ji gyaran muryarsa zai shigo, na faɗa ɗaki. Duk wata magana, ko ta gishiri ce, ta bakin Inna take bi. Ba tsoronsa nake ba, mutum ne da ko ƙuda ba ya kashewa. Haka aka tashe ni, haka na tarar ana yi, kuma ina ganin girmansa da gaske.

Wata safiya sai muka ji babur ya tsaya a ƙofar gida. Ɗanjuma ne, wani da ya taɓa yin ɗinki a zauren Baba kafin siyasa ta ɗauke shi. Ina bayan katanga ina wanke-wanke, ina jin su. Suka gaisa har suka gaji, ya tambayi gida, ya tambayi ido, ya tambayi zafi, ya tambayi labarin na kudu, sannan ya zo kan abin da ya kawo shi. Maigidansa ya ci zaɓe, an yo wa samari fararen riguna masu gajeren hannu, irin na 'yan ƙwallo, da takardu masu hotonsa. Kifa takardar ake yi a ƙirjin riga a danne da dutsen guga mai zafi, a ɓare, hoton ya zauna.

Ya ce, "Baba, wanda ya zana aska takwas, manna takarda ai wasa ne a wurinsa. Abu ɗaya dai, su zama daidai. Jerawa samarin za su yi ranar rantsarwa a gaban manya, ana ɗaukar hoto. Kuma takardun a ƙirge suke, kowace riga da tata. In ta kama ta kama, ba ta fita."

Baba ya ce, "Ɗanjuma, ni za ka koya wa daidai?"

"Tuba nake, Baba. Ranar Juma'a in na shigo kasuwa zan kwashe, in sauke muku buhun gero."

Buhun gero. Inna da ke kusa da ni ta ɗaga ido ta dubi ƙofar ɗakinta, ta ce alhamdulillahi a hankali. Ɗanjuma ya bar riga guda da aka buga a Kano don a riƙa dubawa. Baba ya jujjuya ta sau ɗaya ya ce a kai wa mata su yi kallo, aka jefa ta kan gadona.

Washegari muka fara. Unguwarmu ba lantarki, dutsen gawayi ne, namu mai zakara a murfi da wani da Inna ta aro a maƙwabta. Ana idar da sallar asuba zan hura gawayi a kasko, in cika dutse, in rufe, in yi ta lilo da shi har ya yi ja, in goge gindinsa da tsumma. Rigunan a yamutse suke fitowa daga dila, sai na fara bi ta kansu na miƙar, sannan Inna ta kwasa ta kai zaure, ta dawo ta ɗauki dutse. Can Baba ya shimfiɗa tsohon zane a kan faffaɗan katako. Zai ɗora riga, ya dafa ta da tafin hannu, ya kifa takarda, ya hau kan dutsen da duk nauyinsa yana salati. A salatin yake gane ta kama. Ya ɓare da zafinta, Inna ta kawo min in ninke.

Kafin hantsi rufin kwano ya fara ƙara don zafi. Ga rana a sama, ga kasko a gabana, ga Hadiza a baya duk ƙuraje sun feso mata a wuya, tana kuka tana zame min saboda gumi. Ruwan randa kansa ya koma kamar an ɗora a wuta. Abin da ya fi damuna warin takardar nan ne, wari kamar na ƙonanniyar roba, ya shigo daga zaure ya tsaya a maƙogwaro, a kan cikin da ba komai sai kunu. Mutumin da ke jikin hoton kuwa yana ta yi min murmushi daga kowace riga, da hularsa a karkace da kumatunsa sumul. Ban taɓa ganinsa ba, bai yi min komai ba, amma na tsani kumatun nan.

Baba dai ya farfaɗo. Muka jiyo shi yana rera wani abu a hanci. Masu wucewa suna tsayawa, "A'a, Malam, an koma fage ke nan?" yana cewa, "To, ana taɓawa." Da yamma kwanonsa ya dawo a suɗe. Inna tana tafiya tsakanin kasko da zaure kamar ba ita ce mai ciwon gwiwa ba.

Da yammacin ranar farkon nan na lura da abin. Ina ninke riga kafaɗa a kan kafaɗa, sai na ga ninkin bai bi ta hancin mutumin ba, ta kunnensa ya bi. Na ce ko ni ce na karkata. Na ɗauki wata, haka. Na ɗauki wata, haka. Na jawo ta Kanon nan daga kan gado na ninke, ninkin ya raba hancin biyu. Na shimfiɗa na Baba ɗaya kan ɗaya, hula ta hau hula, haɓa ta hau haɓa, ko gashi bai saɓa ba. Daidai suke da juna kamar yadda ya ce, amma dukkansu sun koma hagu da kamar faɗin yatsu uku. Nan take na gane dalili. Aikin babbar riga ai ba a tsakiya yake zama ba, a hagu yake, a kan aljihu. Nan hannun Baba ya saba zuwa tun kafin a haifi ubana, idon da zai ce masa a'a kuma ya yi rauni, ga takarda a kife.

Na ce, "Inna, zo ki ga wani abu."

Ta zo, na ninke mata ta Kano, na ninke mata ta Baba. Ta daɗe tana kallo.

Ta ce, "Na gani. Sai me?"

"Inna, Ɗanjuma ba zai karɓa ba."

"Ke ce Ɗanjuma?"

"Don Allah ki gaya wa Baba tun ba a yi nisa ba."

Ta rage murya. "In gaya masa me? In ce hannunsa ya daina sanin riga? Yarinya, tun da idon nan ya fara, rabon da in ga ya suɗe kwano sai yau. Allura ta fi ƙarfinsa, alƙalami ya fi ƙarfinsa, wannan ɗin ma ki ce in je in karɓe? Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Ki iya bakinki."

Ta faɗi haka, amma da ta shiga ɗakinta na ga ta tsaya a ƙarƙashin damin nan tana kallonsa.

Rana ta biyu ita ce ranar da ta fi kowace tsawo a rayuwata. Ni nake hura wutar, ni nake cika dutsen, ni nake miƙa wa Inna, na kuma san duk dutsen da ya fita wata riga ce ta tafi hagu. Ji nake kamar da hannuna nake zubar da geronmu a kogi. Tsakanin kaskona da zaure ba nisa, asabari ne kawai a ƙofar. Sau nawa na miƙe na je har jikin asabarin nan, maganar tana bakina a shirye, kalma huɗu ko biyar, in ji salatinsa, ƙafata ta ƙi gaba. In na yi magana na zama surukar da ta gyara wa uban mijinta sana'arsa, Wudil kaf sai ta ji. In na yi shiru mu ci iri. Gaba kura, baya siyaki. Na ji haushin mijina da ya tafi ya bar ni da wannan, na ji haushin Inna, na ji haushin mai kumatu, na ji haushin kunyar da ta ɗaure min harshe, kuma ban iya kwance ta ba. Tulin fararen riguna yana raguwa, na masu hoto yana hawa.

Da safiyar rana ta uku ina miƙar da riga sai hannuna ya ninke ta biyu, na bi ta kan ninkin da dutse. Na buɗe, kari ya fito fes daga tsakiyar wuya har ƙasa. Na ce to, bakina ba zai shiga zaure ba, amma riga tana shiga. Na yi wa guda goma sha wani abu haka, na ba Inna.

Ba ta daɗe ba ta dawo. Ta ce, "Ya ce ki daina yi masa kari a riga, ba wando ba ne."

Ashe goge karin yake yi ya shafe shi tas, sannan ya kifa takardarsa inda ya saba. Na zauna gaban kasko na yi kuka, na bar hayaƙi ya ɗauki laifin. Hadiza ta kama nono ta saki, ta kama ta saki, ta fasa ihu, don babu abin kirki a ciki. Ihun nan ne ya tashe ni. Na ɗauko rigar Kano na ninke na danne da dutse, kari ya bi ta tsakiyar hula, ya sauka ta hanci, ya raba murmushin biyu. Na ɗauko ɗaya daga cikin na Baba na yi mata haka, karin ya bi ta kunne. Na ɗora su biyun a saman waɗanda za a kai.

Inna ta zo ɗauka ta tsaya. "Me kika sa a nan?"

"Riguna ne, Inna."

Ta dube ni, ta dubi Hadiza da ke ajiyar zuciya a cinyata. Na zaci za ta cire su ta watsa min a fuska. Sai ta sunkuya ta rungumi tulin gaba ɗaya, ta ce, "Ni dai ban ga komai ba," ta nufi zaure tana ɗingishi.

Daga nan shiru. Rerawar ta tsaya, salatin ya tsaya, ba a aiko neman dutse ba. Gawayin da ke kasko ya cinye ya zama toka ina kallo, ban iya ƙara wani ba. Aka kira azahar, muka ji ya fita, muka ji ya dawo. Inna ta leƙa ta asabari, ta ce yana bakin ƙofa wajen haske, ya kai rigunan biyu har kusa da idonsa, yana bin karin da yatsa. Ni kuwa da ƙasa za ta tsage da na shige. Sai bayan la'asar muka ji gyaran murya.

Ya ce, "A kawo wuta." Ya ƙara da cewa, "A ce ta yi wa sauran ma."

Haka muka ƙarasa aikin. Ina yin kari, yana laluben karin da ɗan yatsa, ya ninke takardar kaɗan ya nemo tsakiyarta, ya haɗa su. Duk suka fito a tsakiya, ba wadda ta saɓa. Amma bai ƙara rerawa ba, masu wucewa in sun yi magana sai ya amsa a gajarce. Inna ta kwana biyu ba ta ce min komai ba sai "karɓi" da "miƙo".

Ranar Juma'a garin ya cika da kukan shanu da ƙarar manyan motoci. Ɗanjuma ya zo bayan an sauko daga masallaci. Ina bayan katanga ina jin yana ɗaga riguna yana cewa madalla, madalla, sai na ji muryarsa ta sauya.

"Baba, waɗannan ɗin..."

"Na sani. Ware su."

"Wallahi Baba da nawa ne da ban ce komai ba. Amma in suka jera..."

"Na ce ware su. Ka ba ni na abin da ya yi daidai, kada ka ƙara ko tsaba."

Kusan rabi aka ware. Ɗanjuma ya sauke rabin buhu, ya bar mana waɗanda suka karkata ya ce a yi tsumma, ya tayar da babur ba ko doguwar sallama.

Da babu gara ba daɗi. Rabin buhun nan muka riƙa tsakura kamar magani, muna kallon gabas. Ranar rantsarwa ta zo, rediyon maƙwabta yana ta magana tun safe, ana kiɗa a bakin titi. Ta ɓular katanga na hango samari a bayan mota suna ihu, sanye da rigunanmu, mai kumatu yana zaune daram a tsakiyar ƙirjin kowa. Aka ce mulki ya dawo hannun jama'a. Ruwa dai bai sauka ba, maigidana bai dawo ba. Hadari ya haɗo ya watse, ya haɗo ya watse, aka fita roƙon ruwa aka dawo, sama ta yi fari fat. Buhun ya kwanta, muka karkaɗe shi, muka juya cikinsa muka sake karkaɗewa.

Wani hantsi Inna ta taka turmi ta sauko da damin iri. Ba ta yi shawara da kowa ba. Ta kwance shi a tsakar gida ta raba biyu, ta mayar da rabi, ta turo min rabi da ƙafa ba tare da ta dube ni ba. Ni na sussuke shi. Zangarniyar nan dogaye da Baba ya zaɓa da hannunsa, ni na sa musu taɓarya. Sautin turmi yana kaiwa zaure, kuma ya san babu wani hatsi a gidan da za a daka. Da yamma kwanonsa ya dawo a rufe yadda aka kai shi, Inna ta ajiye a gabana ta ce, "Ya ce a ba mai goyo." Na so in ce na ƙoshi. Na cinye shi tas ina hawaye, yunwa ba ta san suruki ba.

Muna gab da gama cin wannan rabin ruwa ya sauka. Da la'asar ne, mun ma daina kwashe shanya don mun gaji da ƙaryar hadari. Sai iska mai sanyi ta buso, aka fara yayyafi manya-manya a kan kwano, ƙamshin ƙasa ya tashi, sannan aka tsuge. Inna ta fito da duk wani abu mai baki a gidan ta tara, har murfin tukunya. Na tsaya a tsakar gida da Hadiza a hannu ruwa yana dukanmu, ƙurajen wuyanta suna shan sanyi, tana dariya.

Da asuba Inna ta sussuke ragowar irin ta zuba a ƙwarya, ta miƙo min. Ta ce, "Ɗauki mayafinki. Gwiwata ba za ta kai gona ba, mijinki kuma ba ya nan. Ƙasa ba ta jira." Rabona da in taka waje tun ina wankan jego. Na sa ɗaya daga cikin rigunan da aka ware, na goya Hadiza, na fito. Baba yana tsaye a ƙofar gida da sungumi a kafaɗa, shi ma ya sa guda, don rigarsa ta kirki ɗaya ce, ba zai kai ta cikin taɓo ba. Ban taɓa ganinsa cikin ƙaramar riga ba. Na saci kallo sau ɗaya, na ga hoton ya zauna masa a hagu, daidai inda aljihu yake zama, kuma wallahi a jikinsa ya yi kyau.

Gonar tana kan hanyar Kausani. Yana gaba ina baya, ƙasa tana manne wa takalmi. Ko'ina mutane ne a duƙe suna shuka. Da muka isa ya tsaya a tsakiyar gonar ya ja layi da ƙafa, ya nuna iyakar inda irinmu zai kai. Rabin can ya zama na ciyawa a shekarar. Ya koma bakin gona ya gyara riƙon sungumi, na tsaya a bayansa da ƙwarya. Bai juyo ba.

Ya ce, "Uwar Hadiza."

Tunda na shigo gidansa bai taɓa kirana ba. Na durƙusa a cikin taɓo na ce, "Na'am, Baba."

"Idonki ya fi nawa. In kika ga na bar layi, ki faɗa. Da baki."

Na ce, "To, Baba."

Ya fara sara, ina bi ina zuba iri ina binnewa da diddige. Da farko layin ya tafi sak. Kafin mu kai tsakiya na ga ya fara jan hagu, kaɗan-kaɗan, kowane rami ya ɗan fi na bayansa. Na buɗe baki. Ga izini ya ba ni da kansa, ga fili ba katanga ba asabari, kalma ɗaya ce kawai zan ce masa, "dama". Na dubi bayansa, gumi ya manne masa rigar a ƙashin kafaɗa, yana sara yana salati a hankali. Muryar ta ƙi fita. Na zuba iri a ramin da ya sara na binne, na zuba a na gaba na binne, haka har muka ƙare.

Maigidana ya dawo gero ya kai gwiwa. Ya je ya ga gona ya dawo yana dariya a zaure, ina jiyo shi daga ciki. "Baba, wa ya yi mana shukar nan? Layi duk ya lanƙwashe kamar lauje."

Baba ya ce, "Ni na sara, ita ta binne. Ba wanda ya ce wa wani komai."

Geron ya yi kai a karkacensa, kuma shi muka ci.